Theme Picker ko Style Settings: Wanne Ya Dace da Mai Son Sauya wa Obsidian Riga?

Wa'alaikumus salam, Malama. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, sai na ce bari gari ya waye in zauna in amsa miki a tsanake, don ba amsar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, 'yar'uwarmu tana tara bayanan bincikenta na digiri na biyu a Obsidian, manhajar rubutawa da adana bayanai, da rana a laftof, da dare a wayar Android. Ta ce farin allo yana kashe mata ido bayan isha'i, baƙin kuma ba ta iya karanta komai a cikinsa idan ta zauna a waje da hantsi, ga shi ta gaji da shiga Settings safe da yamma. An ba ta sunayen fulogin biyu, wato ƙananan shirye-shiryen da ake ɗora wa manhajar don ƙara mata aiki, Theme Picker da Style Settings, shi ne take tambaya wanne za ta saka.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne waɗannan biyun ba kishiyoyin juna ba ne. Ana yawan ambatonsu tare ne kawai saboda duka suna taɓa kamannin manhajar. Theme Picker kamar ƙanwarki ce da ke tsaye bakin akwati tana miƙo miki riga bayan riga kina gwadawa. Style Settings kuwa tela ne: riga ɗaya za ki kai masa, ya rage hannu, ya buɗa wuya, ya sa ta zauna a jikinki. Wanda ya gane wannan ya gama rabin zaɓinsa.

Sai dai kafin mu jera su, akwai wani abu da ya kamata a raba, domin a nan ne mutane suke rikicewa. Kamannin Obsidian hawa uku ne. Na ƙasa shi ne haske ko duhu, wanda za ki samu a Settings, sashen Appearance, wajen Base color scheme. Na tsakiya shi ne rigar kanta, wato abin da manhajar ta rubuta wa suna Themes, irin su Minimal da Things da AnuPpuccin da Blue Topaz. Riga ba komai ba ce illa fayil ɗin CSS da ke gaya wa manhajar launin bango, siffar kanun rubutu, faɗin layi da sauransu, kuma mafi yawan rigunan suna zuwa da fuska biyu, ta haske da ta duhu. Na sama shi ne ƙananan gyare-gyare a cikin riga guda. Theme Picker aikinsa a hawa na tsakiya yake, yana ɗan leƙa na ƙasa. Style Settings a na sama yake zaune. Damuwarki kuwa, yadda kika bayyana ta, ta hawa na ƙasa ce. Zan dawo kanta.

Mu fara da abin da kowannensu yake yi idan an saka shi. Theme Picker yana ajiye miki 'yar alama a siririn layin nan na ƙasan allo. Kina dannawa sai sunayen rigunan da kika riga kika sauke su fito, kina sauka a kansu fuskar manhajar tana canzawa a gabanki, har ki tsaya a wadda ta kwanta miki. Kusa da ita akwai wata alamar ta juya haske zuwa duhu da dannawa ɗaya. Iyakar aikinsa ke nan, kuma yana yin sa da kyau. Ba ya sauko miki da sabuwar riga, ba ya gyara wadda take akwai.

Style Settings, wanda mgmeyers ya rubuta, shi kaɗai ba ya yin komai. Idan kika saka shi alhali rigarki ba ta san da zamansa ba, za ki buɗe shi ki tarar da fili fetal. Dabararsa ita ce mai riga yana rubuta wani bayani na musamman a cikin fayil ɗinsa, yana cewa ga abubuwan da na yarda a canza: launin kanun rubutu, girman haruffa, tazarar layi, siffar jadawali. Shi kuma fulogin ɗin sai ya karanta bayanin ya mayar da shi maɓallai da akwatunan zaɓen launi, yadda ba sai kin iya rubuta CSS ba. Shi ya sa ƙarfinsa ya danganta da rigar da kika ɗora shi a kai. A kan Minimal ko AnuPpuccin ko Blue Topaz, zaɓin da zai buɗe miki sai kin gaji da gungurawa. A kan wata ƙaramar riga kuma wataƙila abu uku ko huɗu, ko ma babu.

Ta fuskar saurin koyo, Theme Picker ya yi gaba nesa ba kusa ba. Minti ɗaya ya ishe ki. Style Settings yana cin lokaci, kuma ina faɗa miki wannan ne da gaske tunda rubutun digiri ne a gabanki: mutum zai iya shafe yamma guda yana gwada launin kanu na uku bai rubuta ko sakin layi ɗaya ba. Ki ware masa zama ɗaya, ki saita, ki rufe. Yana da maɓallin Export da zai fitar miki da duk abin da kika saita a matsayin ɗan rubutu, ki adana shi a cikin bayananki, ran da kika canza na'ura ki mayar ta Import. Wani abin da na yaba masa shi ne ba ya mantuwa. Idan kika bar riga kika koma wata, saitinki na ta farko yana nan a ajiye, kina dawowa ki tarar da shi yadda kika bar shi.

A waya kuma lissafin yana juyewa, kuma nan ne ya fi shafarki. Siririn layin ƙasan allo da Theme Picker ya dogara da shi babu shi a Obsidian na waya. To kin ga babban daɗinsa, wato dannawa ɗaya, ya tafi. Style Settings kuwa yana aiki a waya kamar yadda yake yi a kwamfuta, sai dai gungura dogon jerin zaɓi da babban yatsa akwai gajiya, gara ki yi saitin a laftof.

Ga kuma wani abu da masu ba da shawara suke tsallakewa: Obsidian da kanta tana da umarnin canza riga. Ki danna Ctrl da P a kwamfuta, ki rubuta Change theme, jerin rigunanki zai fito ba tare da wani fulogin ba. Haka umarnin komawa haske ko duhu yana nan a wurin. Za ki iya ɗaura wa kowannensu maɓallin gaggawa a sashen Hotkeys, a waya kuma ki maƙala su a saman jerin umarni ta Pinned commands don su riƙa fitowa da farko. Abin da Theme Picker ya fi wannan da shi bai wuce alamar nan ta ƙasan allo da daɗin gwaji ba. Style Settings kuwa babu abin da ke cikin manhajar da zai maye gurbinsa, in ba za ki zauna ki rubuta CSS da hannunki ba.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan abin da ya fi damuna, wanda ba za ki ji masu bayani da Turanci sun ambata ba, domin ba matsalarsu ba ce: haruffanmu masu ƙugiya. Wasu riguna suna zuwa da nasu salon haruffa, wanda mai rigar ya zaɓa don kyansa a rubutun Turanci, kuma ba kowane salo ne yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Idan babu su, manhajar ba za ta bar wurin fanko ba, za ta aro harafin daga wani salon daban. Sakamakon shi ne ki rubuta «ƙarƙashin» ki ga ƙ ɗin biyu sun fi sauran kauri, ko sun ɗan yi tsayi, ko sun karkace, kamar an yi wa farar shadda faci da atamfa. Ya taɓa faruwa da ni da wata riga da na so ƙwarai. Bayanaina na Turanci sun fito tsaf, amma da na buɗe tarin karin magana da nake rubutawa, sai na ga kowane layi yana ɗingishi. Na yi kwanaki ina zaton laifin allon madannaina ne kafin na gano daga salon haruffan rigar ne.

A nan bambancin fulogin biyun ya fito fili. Da Theme Picker, kowace sabuwar riga da kika saka tana iya zuwa da nata salon, sai ki sake fuskantar matsalar daga farko. Amfaninsa ɗaya a nan shi ne saurin tantancewa: ki buɗe shafi ki rubuta «ɓarawo ya ɗauki ƙwarya, ƴaƴa suna kallo», da manyan baƙaƙe da ƙanana, a kanu da cikin rubutu, da mai kauri da mai karkata, sannan ki bi rigunanki ɗaya bayan ɗaya ki ga wadda ta riƙe su. Da riga guda kuwa, sau ɗaya za ki warware ki huta. Hanya mafi tabbas ma ba ta bukatar ko ɗaya daga cikinsu: a Appearance akwai Text font, duk salon da kika zaɓa a nan shi yake rinjayar na rigar a mafi yawan lokuta. Noto Sans na Google yana da haruffanmu, haka Charis da Andika da Gentium na cibiyar SIL, waɗanda dama don harsuna irin namu aka yi su. A laftof sai ki saka salon a kwamfutar tukuna kafin ya fito a jerin. A waya ki gwada da abin da wayar ta zo da shi.

Idan kuma kina sa ayoyi ko hadisai ko Ajami a bayananki, ki haɗa da su a shafin gwajin. Tun fitowar Obsidian 1.6 a 2024 manhajar ta inganta yadda take tafiyar da rubutun da ke farawa daga dama, tana gane alkiblar layi da kanta. Amma rigar da aka daɗe ba a taɓa ba tana iya barin alamar jeri ko layin gefen zance a hagu alhali rubutun yana dama, ko ta matse tazarar layi har wasulla su hau kan juna. Tazarar layi tana cikin abubuwan da manyan riguna suke bari a gyara, to nan ma tela ya fi mai miƙo riga amfani.

Maganar batir ita ma tana da ɗan bayani. Mutane suna cewa duhu yana rage cin caji, gaskiya ne amma da sharaɗi. A allon AMOLED ko OLED, ɗigon da yake baƙi ƙirin a kashe yake, don haka ana samun ragi. A allon LCD kuwa fitilar baya a kunne take ko fari ne ko baƙi, ragin bai taka kara ya karya ba. Sannan duhun da riguna da yawa suke zuwa da shi ba baƙi ƙirin ba ne, toka-toka ne mai duhu. Idan wayarki AMOLED ce kuma kina yawan karatu lokacin da aka ɗauke wuta, abin da kike nema shi ne baƙi na ainihi. Minimal tana da shi da sunan True black, a cikin ɗan fulogin ɗinta mai suna Minimal Theme Settings. Theme Picker ba zai ba ki wannan ba sai dai ki yi ta neman rigar da dama can haka aka ɗinka ta.

Tunda na ambaci Minimal Theme Settings, bari in ce wani abu a kansa, don a ganina shi ne ya cike tazarar da ke tsakanin biyun da kika tambaya. Steph Ango, wanda aka fi sani da kepano, shi ya yi rigar Minimal, kuma tun 2023 shi ne shugaban kamfanin Obsidian. Ɗan fulogin ɗin rigar yana ɗauke da tsarin launuka da dama da aka riga aka haɗa, irin su Nord da Gruvbox da Solarized da Dracula da Everforest da Catppuccin da Flexoki, kuma za ki iya zaɓar na haske daban, na duhu daban. Wato da rana ki sa Solarized mai bangon ruwan madara wanda ba ya ƙyalli kamar fari fat, da dare ki sa Nord ko baƙi ƙirin. Ido zai ga kamar riga biyu ce, alhali ɗinki ɗaya ne: kanun rubutu, jadawali, faɗin layi da salon haruffa duk suna nan inda kika bar su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai dogon karatu. Duk lokacin da kika canza riga gaba ɗaya, wurin abubuwa yana ɗan gusawa, sai idonki ya sake koyon shafin.

Ta wajen tsaro, biyun matsayinsu ɗaya. Duka fulogin ne na jama'a, sai kin kashe Restricted mode, wato saitin da ke hana irinsu aiki, kafin ki saka su, kuma Obsidian da kanta tana gargaɗi cewa irin waɗannan suna iya taɓa fayilolin na'urarki su kuma shiga intanet. Ba wai waɗannan biyun suna da wani mugun tarihi ba ne, sanannu ne kuma rubutun shirinsu a buɗe yake ga kowa a shafin GitHub. Amma ƙa'idata ita ce duk fulogin ɗin da manhajar da kanta za ta iya yin aikinsa, ba na barin sa. Riga kuwa CSS ce zalla, ba ta gudanar da wani shiri a na'urarki, kuma ba sai kin kashe Restricted mode ba kafin ki saka ta. Data ma ba abin damuwa ba ce, riga da fulogin ƙananan fayiloli ne, da zarar an sauke su ba sa bukatar intanet.

Inda nauyi yake shi ne kula da su. Obsidian ba ta sabunta riguna da kanta, sai kin shiga kin danna Check for updates. Mai riga ɗaya abu ɗaya yake bibiya, mai takwas kuwa takwas. Waɗanda suka daɗe da manhajar, wadda Shida Li da Erica Xu suka fitar a 2020, za su tuna Oktoban 2022 lokacin da aka saki Obsidian 1.0 aka sake fasalin fuskarta gaba ɗaya: rigunan da masu su suka sake ɗinkawa suka ci gaba, waɗanda aka yi watsi da su suka zama sai a hankali. Don haka kafin ki saba da riga, ki duba yaushe aka sabunta ta na ƙarshe. Idan kuma wata riga ta fito miki a hargitse a laftof alhali a wajen wasu lafiya take, sau da yawa injin da ke ƙarƙashin manhajar ne ya tsufa. Ki sake sauke Obsidian daga shafinsu ki ɗora a kan ta da, bayananki ba za su taɓu ba.

Hankalinki ya kwanta a kan wannan: ba riga ba fulogin ɗin riga da zai canza ko harafi ɗaya a rubutunki. Bayananki fayilolin Markdown ne, wato rubutu zalla, a folda, kamannin kuma yana can a wata ɓoyayyiyar folda mai suna .obsidian. Ko da komai ya rikice, ki koma Default a Themes, shi ke nan.

To mu dawo kan ainihin damuwarki, fari da rana, duhu da dare, ba tare da kin taɓa komai ba. Gaskiyar magana, babu ɗaya cikin biyun da yake duba agogo. Theme Picker sai kin danna, Style Settings kuma ba ruwansa da lokaci. Abin da zai yi miki aikin yana cikin manhajar tun asali: a Base color scheme ki zaɓi Adapt to system, sai Obsidian ta riƙa bin abin da na'urarki take ciki. Android ta samu yanayin duhu na gaba ɗaya tun Android 10 a 2019, kuma yawancin wayoyin yanzu suna bari ki sa masa lokaci, ko daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, ko awannin da kika ga dama. Ki sa shi ya kama daga magariba, Obsidian za ta bi shi ba tare da kin ɗaga yatsa ba. A laftof, idan Mac ce akwai Auto a saitin kamanninta. Windows kuwa saitinta bai zo da jadawalin lokaci ba, sai dai ki ɗora ƙaramar manhaja kyauta irin Auto Dark Mode, ko ki wadatu da maɓallin gaggawa, wanda a ganina ya isa tunda da rana kike amfani da ita. Akwai wani fulogin mai suna Day and Night da aka yi don sauya riga bisa lokaci, amma ba zan tura ki can ba sai idan kin gwada wannan hanyar ba ta gamsar da ke ba.

Da ni ne ke, ga yadda zan yi. Zan saka Theme Picker a laftof na mako guda kacal, in sauke riguna huɗu ko biyar, in gwada su a kan ainihin bayanaina, ba a kan hoton talla ba: shafi mai dogon rubutu, shafi mai jadawali, da shafin nan na haruffa masu ƙugiya da Larabci. In gwada da hantsi a waje, in gwada da dare a ɗaki. Ranar da na tsayar da ɗaya, sai in goge sauran, in cire Theme Picker, in saka Style Settings in yi ɗinkin da ya rage. Idan zaɓin ya faɗa kan Minimal, wanda ita nake ba mai rubutun bincike shawara saboda ba ta da hayaniya, wataƙila ma Minimal Theme Settings kaɗai ya ishe ki, Style Settings ya jira sai kin ji wani abu yana damunki da ba ki samu maɓallinsa ba. Wanda zan ce ya riƙe Theme Picker dindindin shi ne mai ɗinka riguna da kansa, ko mai koyar da Obsidian da yake bukatar nuna wa ɗalibai fuskoki daban-daban a zama ɗaya.

Abu ɗaya ya rage, tunda na'ura biyu gare ki. Idan kina haɗa foldar bayananki tsakanin waya da laftof har da .obsidian, to duk rigar da kika sa a ɗaya za ta bi ki zuwa ɗayar, har da girman haruffa, kuma abin da ya yi daidai a faffaɗan allo yakan yi wa waya yawa. Maganinsa shi ne Override config folder, a sashen Files and links. A wayar ki ba shi wani suna daban mai farawa da ɗigo, misali .obsidian-waya, ki sake buɗe manhajar. Za ki ga ta koma kamar sabuwa, babu riga babu fulogin, kada ki tsorata, sabuwar foldar saiti ce ta buɗe, bayananki suna nan. Ki sake saka rigar da Adapt to system a can, ki ƙara girman haruffa yadda idonki yake so da dare. Idan kin gwada shafin haruffan nan kika ga wani harafi yana ɗingishi, ki turo hoton allon da sunan rigar da irin wayarki, in sha Allahu za mu duba tare.